Rabin Tuwon da Ake Kaiwa Tabki

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama ta dube ni ido cikin ido ba. In na shigo ta ƙofa sai ta sunkuyar da kai, ko ta mayar da fuska wajen bango kamar akwai abin kallo a jikin laka. Kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari, kuma uwar da ta nuna son nata a fili ita ake yi wa dariya a bakin rijiya. Da aka yaye ni aka kai ni Gabi wurin kakata. Can na girma, can na yi aure, can mijina ya rasu. Ko Inna ban iya ce mata ba. Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa.

A daminar da zan ba da labarinta, Nasara ba su riga sun iso ƙasar ba. Shekarun nan ne da annoba ta share shanu, har yara suka tashi ba su san ɗanɗanon nono ba. Ina tsakar gida ina surfe sai ga ƙanena, autan Yaya, da baka da kwari a kafaɗa, don lokacin ba a bin hanyar Madarumfa, garinsu Yaya, ba makami. Bai ko zauna ba ya ce, "Inna ta hwaɗi. Ki taso mu tahi."

A hanya ya ba ni labari. Da hantsi Yaya tana daka, sai ta saki taɓarya ta dafe ƙeya, ta ce kamar an sara mata gatari. Ta yi amai, ta zube ta ɓarin hagu, ta shiga wani irin barci mai munshari, ido rabi a buɗe. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho. Shi ya ce jini ne ya hau kai ya tsinke a ciki, in ta wuce kwanakin farko sauran aikin na masu jinya ne. Gwaggo kuwa, ƙanwar marigayi ubanmu da ke zaune a gidan, ta ce wanzami ya tsaya ga askinsa. Ita ba ta taɓa jin jinin da ke zaɓen ɓari guda ya bar guda ba. Wannan aikin na tabki ne.

A Madarumfa kome ya faru sai an waiwayi tabki. Yana nan kwance a gefen gari, da damina ya cika ya shanye gindin itatuwa, su tsaya cikin ruwa har wuya. Shi ke ba mu kifi, shi kuma ke karɓar mutum in ya ga dama. Ya taɓa karɓar mana ɗaya, ƙanwar Yaya, budurwa, ta je wanke ƙorai ba ta dawo ba. Ina goye lokacin, an ce ko gawarta ba a gani ba.

Na iske Yaya a kwance, baki ya karkace, hannu da ƙafar hagu sun zama kamar na aro. Muka sauke ta daga gadon kara muka yi mata shimfiɗa a ƙasa. Nakan je gulbi in ɗebo rairayi mai laushi, in tankaɗe, in shanya ya sha rana, in baza ƙarƙashin tabarma. In ta jiƙa shi in kwashe in zuba sabo. Wanda ba ya motsi fatarsa ke fara ɓaci, saboda haka ba ma bari ta daɗe a kan ɓari guda. Ni da matar auta muke juya ta, ita ta gaba, ni ta baya, yadda ya kamaci 'yar fari. Man shanu ya zama labari, sai man kaɗe nake murzawa a tafi ya narke, in bi kwankwaso da diddige da kafaɗa, duk inda ƙashi ke neman huda fata. Yatsun hagun kullum so suke su dunƙule, ni kuma in buɗe su ɗaya bayan ɗaya in cusa mata curin auduga a tafin. Kunu kuwa sai an jingina ta zaune, a ba ta da bakin ludayi, a jira a ga maƙogwaro ya motsa. In an yi gaggawa ta sarƙe, ta yi ta tari har ido ya yi ja. Malam ya aiko da rubutu, mun ba ta. Dangin kakata na Gabi, waɗanda ba su bar tsafin kakanni ba, suka aiko da sassaƙe, shi ma mun ba ta. Ban raina ko ɗaya ba, sai dai na lura ba wanda ya aiko da mai kwashe rairayi.

Sannu a hankali ta farfaɗo. Magana ta dawo, da nauyin harshe amma ana ganewa. Hannun dama ya dawo da ƙarfinsa. Muka kife tsohon turmi a jikin bango, muka naɗe shi da zane, muna jingina ta da shi tana wuni a zaune. Ƙofar ɗakin tana ta damarta, duk mai zuwa gaisuwa a nan yake durƙusawa. Ta hagunta kuwa ƙuryar ɗaki ce, inda jeren tukwanenta yake, da ɗan duhu-duhu ko da rana tsaka. Nan ne wurina. In zan shiga sai in yi gyaran murya, ta sunkuyar da kai, in wuce da sauri in zauna a ƙuryar, inda idonta ba zai gamu da nawa ba. Noma ya kankama, auta da matarsa suna wuni a gona, Gwaggo tana inuwa tana kaɗi. Da rana ni da Yaya ne kaɗai.

Ranar da ta fara cin tuwo da hannunta mun yi murna. Na tura mata akushi ta gefe, tuwon gero da miyar kuka da ɗan tarwaɗa. Ta ci da gaggawa, ta suɗe yatsu, ta ɗaga murya ta ce, "Wanga ɗan tuwo anka ba ni? Yunwa kuke son kashe ni da ita?"

Na leƙa akushin. Rabin dama ta cinye tas, har ta kankare miyar. Rabin hagu yana nan ba a taɓa ba, gefensa a miƙe kamar an yanka da zare.

Gwaggo ta shigo ta ce, "Ga sauran nan gabanki, ki ci mana."

Yaya ta dubi akushin sosai ta ce, "Ina?"

Ba makanta ba ce, don a daidai lokacin ta kori ƙuda da ya sauka mata a gwiwar dama. Kashegari haka, jibi haka. Ta nemi kwalli, ta zizara wa idon dama ta ajiye, ta zauna tana kallon ƙofa da ido ɗaya baƙi ɗaya fari. Daga nan sai maganar hannu ta taso. Wata rana na iske tana ture hannunta na hagu da na dama, tana faɗa da shi a hankali, irin faɗan da ake yi wa yaro: "Ɗauke hannunki, kin jiƙa min zane. Ke kullum jikinki sanyi."

Na ce daga ƙuryata, "Yaya, hannunki ne."

Ba ta juyo ba, idonta na kan ƙofa. Sai fuskarta ta saki, ta yi murmushi da ɓarin da ke motsi, ta ce, "Ashe kina magana. Na ɗauka ruwa ya cinye muryar."

Na ce ni ce, ɗiyarta ta Gabi. Ta yi dariya har yawu ya zubo, na miƙa hannu ta baya na share mata. Ta ce, "Kar ki yi min wasa. Waccan takan leƙo ta wuce, ba ta zama. Tana da kunya, ba kamar ke ba."

An sha gaya mini muryata irin ta marigayiyar ce, ƙanwar nan tata da tabki ya karɓa. Ita ma Yaya take ce mata. Da na gaya wa Gwaggo, sai ta ajiye mazari ta kama haɓa. Ta ce magana ta fito fili: ƙanwar ce ta fito daga tabki ta kwanta a ɓarin yayarta, hannun nata ne, rabin tuwon ma nata ne. Ta kafa doka. Kada wanda ya musa wa Yaya. Kada wanda ya taɓa rabin nan, ko ya mayar mata da shi, don abin da na ruwa ya sa wa ido ba a karɓe masa. A kai shi tabki a zuba, kullum, kafin inuwa ta karkata.

Ni aka ɗora wa kaiwa. Rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta son yawo, zan ɗauki akushi in bi ta tsakanin gonaki, gero ya fi ni tsawo, ba kowa, sai ƙarar ganye. Akwai wani gawo a cikin ruwa kusa da gaɓa. Kowa ya san gawo da damina yake zubar da ganye, amma wani abu ne dabam ka gan shi tsaye fari fat, rassa tsirara, alhali duk duniya ta yi kore. A gindinsa nake zubawa. Kwaɗi sukan yi tsit in na iso. Tuwon ba ya kaiwa ƙasa, ruwan zai motsa daga ciki, ya juya, ya haɗiye. Na gaya wa kaina tarwaɗa ce. Amma wata rana ruwan ya fara juyawa tun ban karkata akushin ba, kuma ban tsaya ganin bakin da ke jira ba. Na koma gida da gudu, ƙaya ta yage mini zane.

Abin da ya fi cin raina shi ne rumbu. Damina ta yi tsakiya, tsohon gero ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Abin da ake auna wa kowa kaɗan ne, na Yaya kuma rabinsa tabki ke ci. Mun gwada ƙara mata daga namu, aka wayi gari masu noma suna jiri a gona, kuma ko an ƙara rabi ne dai ke tafiya ruwa. Kunu ba ya riƙe tsohuwa mai jinya. Ina shafa mata mai ina jin ƙasusuwan suna fitowa ƙarƙashin hannuna. A kwankwason hagu fata ta fara ja, irin jan da ba ya komawa in ka danna. Na san abin da ke biyo bayan wannan jan, na gani a jikin kakata kafin ta rasu. Uwata tana ramewa da tuwo a gabanta, ni kuma ina ɗaukar tuwon da hannuna ina kai wa ruwa.

Amma a cikin kwanakin nan ne na sami abin da ban taɓa samu ba. Yaya ta yi ta hira da ni. Da ƙanwarta take yi a ganinta, amma kunnena ke ji. In gida ya yi shiru sai ta fara, idonta a kan ƙofa, muryarta ƙasa ƙasa. Ta ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure tun bayan tafiyarta. Ta yi gulmar Gwaggo son ranta. Rannan kuma ta ce, "Ke ba ki san ɗiyata ba, kin tahi tana goye."

Na ci gaba da shafa mata mai a ƙafa.

"Baki gare ta kamar barkono. Ni ta gado, amma kar ki hwaɗa ma kowa." Ta ce ranar da aka tafi da ni Gabi ta shiga rumbu ta rufe, ta ce wa mutane gero take aunawa. Ta ce in kakata ta kawo ni ziyara, takan laɓe bayan zana ta leƙa ta huda, har kara ya taɓa tsone mata ido. Ta san tabon ƙuna da ke idon sawuna, ta san ranar da na same shi, ni da ban san ta sani ba. Ta ce da mijina ya rasu ta yi tattaki har bakin Gabi, ta tsaya gindin wata tsamiya tana jin kukan mata, ta kasa shiga, ta juyo. "Mi zan ce mata gaban mutane? Amma na ji muryatta cikin masu kukan. Ko cikin dubu ina gane ta."

Na so in ce, to ga ta nan kusa da ke, ba ki gane ba. Na haɗiye. Na zauna a ƙuryar nan, mace mai furfura a goshi, ina kuka ba sauti kamar yarinyar da aka hana zuwa dandali. Daɗi ne ya cika ni, da haushin shekarun da suka wuce, duka a lokaci guda. Tun daga ranar nake ɗokin kowa ya fita gona.

Sai dai ƙuryar ta fara ba ni tsoro ni ma. Wani lokaci ban ce kome ba Yaya za ta amsa, "To, na ji." Ko ta ce, "A'a, ba yanzu ba, bari a yanke gero." In na tambaya me aka ce, sai ta ce ai ni na faɗa. Kuma inda nake zama ƙasar ta fara danshi. In share, in zuba busasshen rairayi, gobe in iske ya yi sanyi ya dunƙule, daidai faɗin mazaunin mutum guda. Gwaggo ta gani ta ja da baya tana salati. Ta ce kiran Yaya ake yi, mu shirya.

Danshin dai daga sama ya fito. Aka yi wani ruwa mai ƙarfi da safe, jinkar ta buɗe daidai kan ƙuryar, ruwa ya yi ta zuba har kan tabarma. Ni da matar auta muka ja shimfiɗar da turmin zuwa ɗaya bangon, inda ba ya yoyo. Ba wanda ya yi tunanin kome. Sai dai yanzu ƙofa ta koma ta hagun Yaya, bango ya koma ta damarta.

Da ruwa ya ɗauke, auta ya shigo gaishe ta kafin ya fita gona. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, ya ce, "Inna, ina kwana? Ruwan bai taɓa ki ba?"

Wannan autan, in ya yi tari a zaure Yaya na jin sa. Amma ba ta juyo ba. Idonta ya yi ta yawo a jikin bango, sama da ƙasa. Ta ce, "Ina kake?"

"Ga ni nan, Inna."

Sai ta ƙwalla ƙara. Ban taɓa jin irinta ba, da rabin baki ta fito, doguwa, a karkace. "Shi ma kin ɗauke shi! Shi ma ya tahi ruwa! Daga wajenku nike jin shi!" Tana dukan hannun hagun da na dama, tana kiran sunan auta. Yaron ya ruɗe, ya tsallake ƙafafunta ya faɗa tsakaninta da bango don ya riƙe ta. Yana isa can ta gan shi. Ta cafke wuyan rigarsa, ta shafa fuskarsa, ta shinshina kansa ko akwai ruwa.

Gwaggo ta ce alama ce, auta kada ya kusanci tabki bana. Ni kuwa ina tsaye a tsakar ɗaki kamar an kafa ni. Auta ba ɗan fari ba ne, ba kuma matacce ba ne. Yana hagu ya ɓace, ya koma dama ya bayyana. Tuwo na hagu ya ɓace. Ido na hagu, hannu na hagu. Ni ma duk kwanakin nan a hagu nake zaune, saboda kunya ta ajiye ni a can, kuma kowa ya ga ba ta dubana ya ce ai daidai ne, da ma ba ta dubana. Jinin da wanzami ya faɗa bai tsaya ga hannu da ƙafa ba, ya tafi da rabin duniyarta, ita kuma ba ta san an tafi da shi ba.

Na fita na zauna bayan rumbu. Na san in na juya akushi za ta cinye sauran, amma Gwaggo za ta ce na sace rabon na ruwa, kuma juyin akushi ba zai mayar mata da hannunta ba. Dole wuyan nan ya koyi waiwayawa hagu da kansa. Mun sha kiranta ta can, mun sha tafa hannu, ba ta juyowa. Abu guda na sani a duniya da ke sa uwata ta kau da kai ba shiri, kuma ni ce. Na kuma san abin da zan biya. Ranar da ta ga ƙuryar ba kowa, hira ta ƙare.

Da rana ta take na zuba tuwo. Na shiga ban yi gyaran murya ba. Na ajiye akushin a gabanta, na ɗan tura shi hagu. Na tsallaka zuwa dama, na durƙusa tsakaninta da bango, kusa ƙwarai, har gwiwata na taɓa tata, na ɗaga fuska na dube ta.

Ta sunkuyar da kai, ta iske fuskata a ƙasan idonta. Ta rufe ido. Na zauna. Ta buɗe, ina nan. Gwaggo ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta dafe ƙirji. "Lalle duniya ta ƙare! Ɗiyar fari ta tsare uwatta da ido! Tashi nan, marar kunya!"

Na ce, "Gwaggo, kunyar na kai ta tabki tare da tuwon jiya. Ki koma ga kaɗinki."

Yaya ta sake buɗe ido, wannan karon ta dube ni. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga idon uwata ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne, da ɗan tabo a farin na dama inda kara ya tsone ta. Ta bi goshina da kallo, ta bi furfurar, ta sauka kan bakina. Ta gane ni sarai. Daga nan kunya ta kama ta, irin ta kullum. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, kan ya fara tafiya, da ƙyar, yana tsayawa yana ci gaba, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ya wuce tsakiya. Ya ci gaba.

Ta ga ƙofa, da hasken tsakar gida, da kaji suna tono. Ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Ta ga akushi. Ta ga hannun kwance a cinyarta, ta daɗe tana kallonsa, ta taɓa munduwar da ke wuyansa, wadda ba ta cire ba tun aurenta. Ta duba bayansa, inda mai hannun ya kamata ta kasance, ba kowa sai rairayi. Ta jawo akushin ta ci, fuskarta a kauce daga gare ni, hawaye na zuba daga idon da ke da kwalli da wanda ba shi da shi. Ta cinye har ɓarin na ruwa.

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Kashegari wuyan ya koma dama kamar ba a yi ba, na sake durƙusawa a gabanta. Haka muka yi ta yi a kowane cin abinci, ni ina tsare ta da ido, ita tana gudu zuwa hagu, tana iske tuwonta a can. Na riƙa ɗora hannun hagun a bakin akushi don ta gan shi duk lokacin da ta juya. Jan kwankwaso ya ɓace bai fashe ba. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta yi mini magana, tana jiran tabki ya rama. Ta kai masa farar kaza a ɓoye, na yi kamar ban gani ba. Kafin a yanke gero Yaya tana tsayawa da sanda, tana jan ƙafar zuwa bakin ƙofa. Hannun bai dawo ba, amma ta daina faɗa da shi, takan ɗauke shi ta ajiye a cinya ta rufe da gefen zane.

Hira kuwa ta ƙare, kamar yadda na sani. Na koma waccan mai leƙowa ta wuce. In tana son ruwa sai ta gaya wa matar auta, ko da ni ce ke riƙe da ƙwaryar. Sau ɗaya na ji ta da rana tsaka, gida shiru, tana tambaya a hankali, "Kina nan?" Ina bakin ƙofa. Na buɗe baki na rufe. Ta jira, ta jira, sannan ta gyara zama.

Da aka gama kaka na ɗaure kayana zan koma Gabi. Na durƙusa a tsakar gida na ce, "Yaya, ni zan tahi." Tana zaune a bakin ɗaki, sanda a gefe. Ta kau da kai, ta juya shi hagu gaba ɗaya, yadda na koya mata, ta tsayar da ido a kan wurin da ba kowa. Sai ta yi magana da muryar nan ta ƙasa ƙasa, wadda na ɗauka ba zan ƙara ji ba.

"Ki hwaɗa ma ɗiyata ta bi ta tudu, kar ta bi ta bakin tabki. Ki ce mata hannunta da laushi, na san shi tun ranar farko da ya shafa min mai."

Gwaggo ta waiga tana neman wadda ake aika. Ni na ɗora kayana a ka, na fita, na bi ta tudu.